Notis Kafin Rusau: Yadda Ake Sallamar Tsohon Kod a Manhajar Gayya

 

Duk wanda ya shigo wannan zaure da waya ƙirar Android a aljihunsa, to yana ɗauke da Linux, ya sani ko bai sani ba, domin a kansa aka ɗora Android. Linux, da yaren rubuta manhaja mai suna Python, da OpenSSL mai kulle sirrin saƙonni a intanet, duk suna cikin jinsin manhajar da tushenta a buɗe yake. Ma'ana, jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira kod, yana nan a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ƙara nasa. Zan riƙa kiranta manhajar gayya, domin aikin gayya ne na haƙiƙa: mutane da yawa, wasu ma'aikatan kamfani wasu 'yan sa-kai, kowa ya kawo fartanyarsa. Sai dai gayyar noma da yamma ake watsewa, ita kuwa wannan ba a tashi. Linux tun 1991 ake ɗora masa tubali a kan tubali. Gidan da aka shafe shekara talatin da ɗoriya ana ƙara masa ɗakuna, dole a wayi gari wasu ɗakunan sun tsufa, rufinsu na yoyo, alhali akwai masu kwana a ciki. Tambayar da ta tara mu ita ce, yaya ake rushe irin wannan ɗaki a gidan da kowa ke da haƙƙi a cikinsa?

Amsar da zan kare a gabanku ita ce: cire tsohon kod wajibi ne, amma duk kod ɗin da aka fitar wa jama'a suka dogara da shi ya zama alkawari, alkawari kuwa kaya ne, ba a sauke shi sai da notis, da madadi, da wa'adin da za a cika. Masu sana'ar suna da mataki na musamman tsakanin "yana aiki" da "an cire shi". A wannan mataki ana sanya wa kod alamar ritaya: yana nan yana aiki kamar da, amma an shelanta cewa kada sabon aiki ya dogara da shi, masu amfani da shi kuma su fara shirin ƙaura. Kamar dai mai gidan haya ne da ya ba ɗan haya notis. Bai watso masa kaya waje ba, bai kuma ce masa zauna har abada ba.

Mu fara da dalilin da ya sa cirewar ta zama wajibi, domin mai sauraro zai iya cewa ai kod ba abinci ba ne balle ya ruɓe, me zai hana a ƙyale shi? A yaren C akwai wani tsohon umarni mai suna gets, aikinsa ya karɓi layin rubutu ya zuba a wani gurbi na ƙwaƙwalwar kwamfuta. Aibinsa ɗaya ne tak: ba ya tambayar girman gurbin. Ka ɗauka mutum ne yake tsiyaya ruwa a buta idonsa a rufe, ya ci gaba da tsiyayawa ko da butar ta cika, har ruwan ya malala kan abin da ke kusa. Mai mugun nufi sai ya aiko da rubutun da ya fi gurbin tsawo, rarar ta malala inda kwamfuta ke ajiye umarninta, shi ke nan ya karɓe ragamar na'urar. A watan Nuwamba na 1988, tsutsar kwamfuta da Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki ta bi ta wannan ƙofa, tare da wasu ƙofofin, ta gurgunta dubban kwamfutoci. Tun daga ranar kowa ya san gets haɗari ne, kuma akwai fgets da ke yin aikin tare da auna gurbi. Duk da haka ba a fitar da shi daga ƙa'idar yaren C ba sai a 2011. Shekara 23 ke nan ƙofa tana hangame, sabbin ɗalibai suna tsintarsa a littattafai suna amfani da shi, saboda a ganinsu abin da aka bari a cikin yare ai halas ne.

Misali na biyu ya fi wannan ɗaci. A shekarun 1990 gwamnatin Amurka ta hana fitar da manhaja mai ƙarfin kulle sirri zuwa ƙetare, don haka aka tanadi wani rarraunan makulli mai tsawon bit 512 domin kasuwar waje. Daga baya aka sassauta dokar, aka daina buƙatar makullin, amma kod ɗinsa ya ci gaba da zama a cikin manhajoji da dama, har da OpenSSL. A watan Maris na 2015 masu bincike suka bayyana harin da aka sa wa suna FREAK: ɓarawo zai shiga tsakanin mai lilo a intanet da shafin da yake ziyarta, ya yaudare su su koma ga tsohon makullin, sannan ya fasa shi cikin sa'o'i da kwamfutocin haya na kimanin dala 100. Dokar ta mutu, amma gawarta tana cikin kod shekara goma sha biyar bayan haka. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɗakin da aka daina shiga shi ne wanda ba a lura da tsagewarsa. Banda tsaro, akwai ɗawainiya. Kowane layi da aka bari sai an gwada shi duk lokacin da aka taɓa maƙwabcinsa, sai sabon ɗan sa-kai ya karanta shi kafin ya gane inda aka dosa. Bayan ɓarakar Heartbleed da aka gano a OpenSSL a Afrilun 2014, mutanen OpenBSD sun kwafi OpenSSL suka kafa LibreSSL, kuma a makon farko kaɗai suka share layin kod fiye da 90,000, da yawansa na tsofaffin na'urorin da kusan babu mai kunna su. Gaskiya ne kuskuren Heartbleed ba a cikin tsohon kod yake ba, amma tsirarun mutanen da ke kula da OpenSSL a lokacin suna laluben allura ne a cikin tarin bola.

To idan haka ne, me zai hana mai kod ya share abinsa duk ranar da ya ga dama? Nan ne ɗaya ɓangaren hujjar yake. A watan Maris na 2016 wani marubucin manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da masu rumbun npm, inda marubutan JavaScript ke ajiye ƙananan kayan aikinsu, a kan sunan ɗaya daga cikin kayansa. Cikin fushi ya janye kayansa sama da 250 a lokaci guda. A ciki akwai left-pad, layi 11 kacal, wanda ba ya yin komai sai cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Ashe manyan ayyuka irin su Babel sun jingina da shi ta hanyar wasu kayan, su kuma dubban ayyuka sun jingina da su. Cikin 'yan mintoci gini ya tsaya cak a wurare da dama a duniya, har sai da masu npm suka mayar da left-pad ba tare da yardar mai shi ba, daga baya kuma suka tsaurara ƙa'idar janye kaya. Darasin a fili yake: a manhajar gayya, mai kod bai san adadin masu kwana a ɗakinsa ba. Babu rajistar kwastoma, babu rasit, kowa ya zo ya ɗauka ya tafi. Injiniyan nan Hyrum Wright ya lura cewa idan masu amfani da abu suka yi yawa, babu wata ɗabi'arsa, ko da kuskure ce, da ba za a samu wanda ya dogara da ita ba. Saboda haka rusau ba notis zalunci ne ga mutanen da mai rushewar bai taɓa gani ba.

Babu inda wannan ja-in-ja ya fito fili kamar a tarihin Python, kuma ya dace mu tsaya a kansa, domin ya shafi harshenmu kai tsaye. A Python 2, rubutu na yau da kullum jerin bayit ne, wato ƙwayoyin ajiya na kwamfuta. Harafin Ingilishi bayit ɗaya yake ci, amma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, bayit biyu-biyu suke ci a tsarin UTF-8. Ka ba Python 2 kalmar "ƙasa" ka ce ya ƙirga maka haruffanta, sai ya ce 5. Ka ce ya yanko maka harafin farko, sai ya miƙo maka rabin ƙ, wani tarkace marar ma'ana. Akwai hanyar kauce wa haka, amma sai marubuci ya tuna ya sanya wata alama ta musamman, kuma wanda duk rayuwarsa da Ingilishi yake aiki ba ya tunawa, domin shi bai taɓa ganin matsalar ba. Python 3, da ya fito a Disambar 2008, ya mayar da Unicode asalin kowane rubutu, sai "ƙasa" ta koma haruffa 4 kamar yadda ɗan firamare ya sani. Gyara ne na gaskiya ga mai rubutu da boko ko ajami, da Balarabe, da Bahabashe, da ɗan Sin. Sai dai gyaran ya zo da karya tsohon alkawari ta fuskoki da yawa a lokaci guda: yadda ake rubuta print ya canja, raba 1 da 2 da a da yake ba da 0 ya koma ba da 0.5, kod ɗin da ya yi shekaru yana aiki ya daina tashi.

Shugabannin Python sun ba da notis, sun kuma sa wa'adin 2015 don binne Python 2. Inda suka yi tuntuɓe shi ne gadar ƙaura. Sun tanadi wata na'urar juya kod mai suna 2to3, bisa zaton kowa zai juya nasa ya haye sau ɗaya. Amma mai ɗakin karatun kod, wato kod ɗin da wasu manhajoji ke aro, yana da masu amfani a gaɓar kogi biyu, ba zai iya barin ko ɗaya ba, shi kuma mai manhaja ba zai haye ba sai duk ɗakunan karatun da ya dogara da su sun haye. Kowa ya tsaya yana jiran kowa. Mafita ta fito ne daga cikin jama'a, da kayan aiki irin su six na Benjamin Peterson, wanda ya ba da damar rubuta kod guda da zai yi aiki a ɓangarorin biyu. Su ma shugabannin suka sauko: a Python 3.3 na 2012 suka dawo da waccan alama ta musamman, wato u, da suka cire, don kawai sauƙaƙa ƙaura. A 2014 Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro yaren, ya ɗage wa'adin zuwa 2020. Daga nan manyan ayyuka suka fara janye ƙafa da kansu: Django ya bar Python 2 a 2017, NumPy a 2019. Ranar 1 ga Janairun 2020 aka rufe babin. Ƙaurar da aka yi wa lissafin 'yan shekaru ta ci shekara goma sha ɗaya. Notis kaɗai bai isa ba idan ba a share wa mutum hanyar da zai bi da kayansa a ka ba.

Abin sha'awa shi ne yadda suka koyi darasi. Da suka tashi fitar da wasu tsofaffin sassa daga rumbun Python, irin su cgi da telnetlib, sai aka rubuta shawara a fili a 2019, mai lamba PEP 594, aka buɗe ta ga muhawara. Masu amfani suka fito suka kare wasu sassan, irin su wave mai karanta fayil ɗin sauti, aka saurare su aka bar su. Sauran aka sa musu alamar ritaya a Python 3.11 na 2022, da gargaɗi da nunin madadi, sannan aka cire guda 19 a Python 3.13 na 2024. Ba a ji kururuwa irin ta baya ba. Ƙa'idarsu a rubuce take: abin da za a cire sai ya yi aƙalla fitowa biyu yana ɗauke da gargaɗi, kuma tunda sau ɗaya a shekara suke fitowa, notis ɗin shekara biyu ke nan mafi ƙaranci. Har wurin da gargaɗin ke bayyana sai da suka yi ta gyarawa. Da farko yana damun mutanen da ba su da ikon gyara komai, sai aka ɓoye shi a Python 2.7 da 3.2. Ɓoyewar ta sa masu ikon gyarawa ma suka daina gani, sai a Python 3.7 aka sake fito da shi ga mai rubuta kod ɗin kai tsaye. Notis ɗin da aka liƙa a bayan gida, inda ɗan haya ba ya bi, ba a ba da shi ba.

Yanzu mu saurari masu ja. Na farko zai ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma ga Linux, wanda ya fi kowa nasara, dokarsa ita ce ba a karya manhajar masu amfani. Hakan gaskiya ne, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya sha mayar da gyaran da ya hana manhajar wani aiki, komai kyawun gyaran. Amma a duba da kyau. Wannan doka ta ƙofar waje ce, inda jama'a ke shiga. A cikin gida kuwa, masu Linux suna rushewa suna sake gini ba ƙaƙƙautawa, kuma sharaɗinsu shi ne wanda ya canja wani abu shi zai bi duk wuraren da canjin ya taɓa ya gyara da hannunsa. Kuma su ma suna sallamar tsofaffi. Injin Intel 386, wanda a kansa aka haifi Linux, an daina tallafa masa a Linux 3.8 na 2013. Tsarin ajiyar fayil na ReiserFS an sa masa alamar ritaya a 2022, aka cire shi a 2025. Don haka Linux bai rushe hujjata ba, ya ƙara mata ma'auni ne: tsawon notis ya dace da yawan masu dogaro da nisansu daga gare ka, kuma gwargwadon iko, mai son canji shi ya ɗauki nauyinsa.

Na biyu zai ce, kuma wannan ya fi taɓa zuciya, ai talaka ne ke shan wahalar rusau. Mai kuɗi ya sayi sabuwar waya, amma mai tsohuwar waya da ɗalibin da ke fama da kwamfutar gwanjo su ake bari a baya, kuma yawancinsu a ƙasashe irin namu suke. Wannan ƙorafi yana da tushe. A ƙarshen 2020, Let's Encrypt, ƙungiyar da ke ba shafukan intanet takardar shaidar tsaro kyauta, ta sanar da wani canji da zai sa wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba su kasa buɗe ɗimbin shafuka, alhali a lokacin kusan kashi ɗaya cikin uku na wayoyin Android haka suke. Da aka auna ɓarnar, sai suka nemo dabarar da ta ƙara wa waɗannan wayoyi wa'adi har zuwa 2024. Abin da ya ceci masu tsofaffin wayoyi shi ne an ba da notis da wuri, an ƙirga su, an ji kukansu. Amma barin tsohon kod har abada ba gata ba ne ga talaka, domin shi ne zai kwana a ɗakin da bangonsa ya tsage. Gatansa shi ne dogon wa'adi da fitowa mai dogon tallafi, kamar yadda Ubuntu ke kula da wasu fitowarsa shekara biyar.

Na uku daga ɗaya gefen yake. Ɗan sa-kai zai ce, ni ba wanda ya biya ni, lasisin ma ya faɗa ƙarara cewa babu garanti, don me zan riƙe wa wani kaya shekara biyu? A shari'ance yana da gaskiya. Amma wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya ya ce kowa ya sha, mutane suka gina gidaje kewaye da ita, ba zai cike ta da dare ya ce ai tasa ce ba. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne: ya faɗa, ya nuna wata rijiyar, ya sa rana. Bayan ranar kuma ba shi da sauran nauyi. Wanda ke son a ci gaba da riƙe masa tsohon kaya, to ya ɗauka da kansa, tunda kod a buɗe yake, ko ya biya mai riƙewa, kamar yadda kamfanin Red Hat ya ci gaba da kula da Python 2.7 ga kwastomominsa har 2024. Abin da bai halatta ba shi ne kamfani mai cin riba ya yi shiru shekara biyu, ranar cirewa ya zo yana zagin ɗan sa-kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura gargaɗi ɗaya, game da notis ɗin da ba a cikawa. A yaren Java an sa wa umarnin Thread.stop alamar ritaya tun 1998, amma bai daina aiki ba sai a 2023. Idan alama ta shekara ashirin da biyar babu abin da ya biyo baya, mutane za su koyi cewa alamar ado ce, ranar da aka yi da gaske kuma ta same su ba shiri. Shi ya sa a 2017 masu Java suka ƙara wata alama ta daban mai nuna cewa wannan kam cire shi za a yi. Cika wa'adi wani ɓangare ne na amanar, kamar yadda ba da shi yake.

Ɗalibai, da yawanku za ku fara shiga manhajar gayya ne a matsayin 'yan haya, masu amfani da abin da wasu suka gina. Idan kun ga gargaɗin ritaya ya bayyana a allonku, kada ku kashe shi don ya daina damunku. Wasiƙa ce wani da bai san ku ba ya rubuto muku shekara biyu kafin ya taɓa bangon ɗakinku, ku karanta, ku kwashe kayanku tun da rana. Ranar da kuka zama masu gida kuwa, ko da abin da kuka gina layi 11 ne, ku tuna akwai mai kwana a ciki da ba ku taɓa gani ba, ku ƙwanƙwasa masa ƙofa kafin ku ɗaga diga.